Baƙuwar kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya: laifin faifai ne ko na tsarin ajiya?

Ɗan Gesse: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Manya, taimako nake nema. Ina da 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a nan Birnin Kebbi, kuma duk shekara muna yi wa yara atisaye kafin jarrabawar JAMB. Babbar kwamfutarmu Fedora ce a kanta, wato wani nau'in Linux, a cikinta na girka baƙin kwamfutoci biyu da KVM, wato kwamfutoci na manhaja da ke aiki a cikin ta gasken. Ɗaya Windows 10 ce, ita ke riƙe da rajistar ɗalibai da lissafin kuɗi. Ɗayar Ubuntu ce, ita ke raba wa yara tambayoyi. Faifan kowacce fayil guda ne na qcow2, irin wanda ke ƙaruwa yayin da ake zuba kaya, na ajiye su a faifai na biyu, irin mai juyawa, tera 2. Watannin farko lafiya lau. Yanzu ta Windows ɗin sai in kunna ta, in share ofis, in dawo ba ta gama tashi ba. Jiya na ce bari in kwafe fayil ɗinta zuwa faifan waje, na je sallar azahar, na ci abinci, na dawo bai ƙare ba. Ram bai cika ba, furosesa na zaune ba ta aikin komai, amma fitilar faifai ba ta mutuwa, kuma ana jin shi yana ƙas-ƙas-ƙas. Saura mako uku yara su cika mana wuri.

Mai Gyara Jega: Wa alaikumus salam. Oga, wannan ƙarar da ka ce, faifan ne ke bankwana. Kwashe kayanka tun da wuri ka sayi SSD, faifan da ba ya juyi. Kullum irinsu ake kawo min shago.

Ɗan Gesse: Shi na fara zargi, maigida. Na duba lafiyarsa da smartctl, babu gurbi ko ɗaya da ya lalace, gwajin ma ya ci. Kuma wasu manyan fayiloli na bidiyo da ke kan faifan suna kwafuwa da gudu. Fayil ɗin baƙuwar kaɗai ke rarrafe.

Injiniya Na Argungu: To wagga magana ta ƙarshe ita ce bakin zaren. Faifai guda, wani fayil na gudu wani na rarrafe, ba ƙarfen ne da laifi ba. Ƙanena, yi muna abu uku ka turo abin da ka gani. Df -T, mu san wane tsari anka yi wa faifan. Sannan lsattr bisa fayil ɗin, mu ga alamomin da anka sa mashi. Sannan filefrag bisa shi, mu ga gutsure nawa ya rabu.

Ɗan Gesse: Ranka ya daɗe, btrfs ne. Ni na yi masa da hannuna, ganin shi Fedora ta sa wa babban faifan. Lsattr bai nuna harafi ko ɗaya ba, layuka ne kawai. Filefrag ya daɗe yana lissafi, daga ƙarshe ya ce gutsattsari dubu 180 da 'yan kai. Girman fayil ɗin giga 40 ne.

'Yar Zuru: Kafin kowa ya firgita da wannan adadin, Malam duba mana ko an kunna matse bayanai a faifan. Buga mount ka ga ko akwai compress a layinsa. Idan btrfs na matsewa, ba ya barin gutsure ya wuce kilobait 128, sai filefrag ya ƙirga kowanne daban ko da a jere suke. Fedora tana kunna matsi irin na zstd a babban faifai tun daga fitowa ta 34, mutane da yawa sukan ga dubban ɗaruruwa su ɗauka gobara ce alhali ba komai.

Ɗan Gesse: Na duba Hajiya. Akwai a babban faifai, babu a na biyun.

'Yar Zuru: To adadin na gaske ne. Injiniya, fili naka.

Injiniya Na Argungu: Mu yi lissafi tukuna, don kowa shi ga girman abin da idonai. Faifai mai juyi 7200 a minti shina kammala zagaye guda cikin milisakan 8 da ɗan kai. Allurar da ke karatu in ta tashi daga wani wuri zuwa wani, da tafiyarta da jiran wurin shi zagayo ƙarƙashinta, ka ƙaddara milisakan 10, sau da yawa ma ya fi. Wato ba ta wuce tsalle kamar 100 cikin daƙiƙa. To ninka dubu 180 da milisakan 10, daƙiƙa 1800 ke nan, rabin awa cur, kuma wanga tsalle ne zalla, ba a karanta komi ba tukuna. Da fayil ɗin a jere yake, faifai irin naka na jan wajen mega 150 a daƙiƙa, giga 40 ba ta kai minti 5 ba. Ka ga inda azahar ɗinka ta tafi.

Ɗalibin Aliero: Gafarta Malam, ni ɗalibi ne, ban gane ba. Fayil guda ne fa. Me ya yayyanka shi haka? Mu an koya mana cewa Linux ba ta buƙatar a tattara mata faifai kamar Windows.

Injiniya Na Argungu: Tambaya mai kyau, ɗana. Ka san sito na shinkafa? Ka ɗauka ɗan kasuwa ya kama layi guda cikin sito ya jera buhu 500 nashi. In ext4, wani tsarin ajiya na Linux, shi ne mai sito, duk sadda anka ce a canza buhu na 70, sai a jawo shi a sa sabo nan gurbin. Layi na nan yadda yake. Btrfs ba haka yake yi ba. Shi ƙa'idarshi ba a taɓa tsohon buhu. Sai a nemi wani fili ko'ina cikin siton a aje sabon, a gyara littafi a rubuta cewa na 70 yanzu shina can lungun gabas, sannan a saki tsohon gurbi. Dalili mai kyau gare shi: in wuta ta ɗauke tsakiyar aiki, tsohon buhu na nan lafiya, littafi bai yi ƙarya ba. Ga bidiyo ko hoto da ake rubutawa sau ɗaya a bari, wanga tsari ba shi da aibu. Amma faifan baƙuwar kwamfuta ba haka yake ba. Windows ɗin da ke ciki ba ta daina rubuce-rubucen ƙanana, kilobait 4 nan, 8 can, rajista, littafin NTFS wanda shi ne tsarin ajiyar Windows, sabuntawa, ma'ajiyar bayanan ɗalibai. Kowane ɗan rubutu buhu ne anka ɗauke daga layi anka kai wani lungu. Bayan wata shida, ɗan dako in an ce shi ɗauko buhunan bi da bi daga na 1 zuwa na 500, sai shi kewaye siton sau ɗari. Ƙas-ƙas ɗin da Ɗan Gesse ke ji, sawun ɗan dakon ne.

Ɗalibin Aliero: Allah ya ƙara ilimi. Ke nan maganar da aka koya mana ba daidai ba ce?

'Yar Zuru: Rabinta daidai ne, ƙanena. Ext4 yana da dabarar jinkirta rabon fili har sai ya ga yawan abin da za a rubuta, sannan ya nemi wuri a jere, kuma gutsure ɗaya a wurinsa yana iya kai mega 128. Fayil mai giga 40 zai iya zama a yanki 320 kacal in an samu sarari. Shi ya sa mai amfani na yau da kullum ba ya lura da komai. Amma ba a ce ba ya tarwatsewa sam ba, ai da ba a ƙirƙiro masa e4defrag ba, XFS kuma da ba shi da xfs_fsr.

Mai Gyara Jega: To ai abin mai sauƙi ne. Ya shiga cikin Windows ɗin ya danna manhajar tattara faifai, ya bar ta ta kwana tana yi. Haka muke yi wa kwastomomi tun zamanin XP.

Injiniya Na Argungu: A'a, Malam na Jega, don Allah kar shi yi. Ga kwamfuta ta zahiri maganarka daidai ce. Ga baƙuwa kuwa ƙara wa wuta fetur ne. Windows ɗin ba ta ganin faifan gaske. Abin da take gani hawa uku ke tsakaninta da ƙarfe: NTFS nata, sannan qcow2 wanda ke yanka fili kilobait 64 64 shina ba ta duk sadda ta taɓa sabon wuri, sannan btrfs. In ta ce ta jera fayilolinta, littafinta kaɗai ta jera. Duk abin da ta matsar sabon rubutu ne ga btrfs, shi ko sai shi ƙara watsa shi. Kuma in ta kai kaya wurin da ba ta taɓa rubutawa ba, qcow2 ɗin ya kumbura.

Ɗan Gesse: Innalillahi. Na yi haka sau biyu a watan jiya. Kuma na lura fayil ɗin ya ƙaru bayan nan, ban san dalili ba.

'Yar Zuru: Ba sai ka danna ba ma. Windows 10 tana da jadawalin yin wannan da kanta mako-mako in ta ɗauka faifai mai juyawa take kai. Shiga ka kashe jadawalin yau.

Mai Gyara Jega: Na karɓi gyara, ban san da wannan ba. Amma ina nan kan bakata game da SSD. Ba allura, ba juyi, ba tsalle. Ko gutsure miliyan ne ina ruwansa.

Malamin Yauri: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Maganar Jega akwai ƙamshin gaskiya, SSD zai ɓoye kaso mafi girma na ciwon. Amma bai warke duka ba. Kowane gutsure yana da shafinsa a littafin tsarin ajiya, dubu ɗaruruwa kuwa aiki ne ga furosesa da ram duk lokacin da za a kwafe fayil ɗin ko a goge shi. Sannan mutum mai neman SSD da zai ɗauki abin da tera 2 ke ɗauka, ga yadda kuɗin kaya yake yanzu, ga na jabu sun cika kasuwa, wanda za a rubuta masa tera 1 a jiki ya cika tun bai kai ko'ina ba. Ni abin da zan tambaya daban ne. Ɗan Gesse, nemi lambar samfurin faifan ka bincika ko irin SMR ne, wanda ake ɗora layukan rubutu gefen wani kan wani kamar jeren kwanon rufi. Irin wannan in za a gyara wuri kaɗan sai ya sake rubuta maƙwabtansa. A 2020 aka yi ta cece-kuce da aka gano manyan kamfanoni suna sayar da su ba tare da sun bayyana ba. In shi ne, ko wane tsari ka sa, baƙuwar kwamfuta ba za ta ji daɗinsa ba.

Ɗan Gesse: Na bincika Malam. Ba shi ba ne, na gargajiya ne.

Malamin Yauri: Alhamdu lillahi, an rage ɗaya.

Ɗan Gesse: To manya, na ga akwai btrfs filesystem defragment. In buga shi kawai?

'Yar Zuru: Tsaya. Kana ɗaukar hoton faifan, wato sinafshot?

Ɗan Gesse: E, kowane dare. Ina da na kwana 14 a ajiye. Shi ne ma abin da ya sa na so btrfs.

'Yar Zuru: To kar ka buga. Hotunan nan 14 ba kwafi 14 ba ne, duk buhunan da ba su canza ba tarayya suke yi a kansu, shi ya sa ba su ci maka fili ba. Da zarar ka tattara fayil ɗin, an rubuta shi sabo fil, ya fita daga tarayyar, su kuma hotunan suna riƙe da tsoffin gutsattsarin. Giga 40 ta zama 80 nan take. Takardun btrfs da kansu sun yi wannan gargaɗin. Kuma ko ka yi, bayan wata biyu kana nan inda kake, tunda abin da ke yanka shi bai daina ba. Haka zaɓin autodefrag, don ƙananan fayiloli aka yi shi, ba don faifan baƙuwa mai aiki dare da rana ba.

Injiniya Na Argungu: Hajiya ta faɗi abin da nike so in faɗa. Maganin wanga ciwo ranar haihuwar fayil ake ba da shi, ba bayan ya tsufa ba. Abu biyu ne. Na farko a gaya wa btrfs cewa wanga fayil a riƙa gyara shi nan gurbinshi, shi ne chattr +C. Na biyu a kama mashi filinshi gaba ɗaya tun farko, kamar mai sayen fuloti shi katange kafin maƙwabta su matso, ba shi riƙa sayen taku biyar biyar ba duk sadda ya samu kuɗi. Amma a kula, +C ba ya aiki ga fayil da ya riga ya ɗauki kaya. Sai ga fayil wofi, ko ga folda, sannan duk abin da anka haifa cikinta shi gada. Kuma mv, umarnin matsar da fayil, ba ya wadatarwa, don cikin faifai guda suna kawai yake canzawa, kayan na nan inda suke. Dole a sake rubuta shi.

Ɗalibin Aliero: Malam, in haka ne me ya sa Fedora ba ta yi wa mutane wannan da kanta ba, tunda ita ta zaɓi btrfs?

Malamin Yauri: Ana yi. Tun 2020 da Fedora 33 ta koma btrfs a kwamfutocin tebur, a shekarar ne libvirt, manhajar da ke kula da baƙin kwamfutoci, ta fara kashe wannan ɗabi'ar ta rubutu a sabon gurbi da kanta a ma'ajiyar da ta ƙirƙira a kan btrfs. Haka systemd ke yi wa fayilolin littafinsa. Ɗan Gesse ya faɗa rami ne saboda foldar da hannu ya yi ta a wani faifai, ba wanda ya san faifan baƙuwa zai zuba a ciki. Qemu-img ma yana da zaɓin nocow=on tun wajen ƙirƙira.

'Yar Zuru: Yanzu ni ga inda zan rabu da Injiniya, da girmamawa. Ana ta cewa +C kamar kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Ranar da ka sa shi, btrfs ya daina ajiye lambar tantancewa ta wannan fayil, ya daina matse shi. Lambar nan ita ce dukiyar btrfs gaba ɗaya. Ita ke sa in faifai ya ruɓar da wani wuri a ɓoye, binciken btrfs da ake kira scrub ya kama ya gaya maka. A wurin aikina an taɓa samun faifan da smartctl ke cewa lafiyarsa ƙalau, scrub ne ya tona cewa wasu fayiloli sun lalace, muka dawo da su daga ajiya tun kafin lalatattun su bi su shiga ajiyar. Ba don haka ba da sai ranar da ake neman takardar wani za a sani. Kuma wanda ke da faifai biyu masu madubin juna, in ya sa +C aka ɗauke wuta suka saɓa, btrfs ba shi da hanyar sanin wanne ne mai gaskiya. To fayil ɗin da muke magana a kai shi ke riƙe da rajistar yaran mutane da kuɗin da iyayensu suka biya. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, ga zafin Afrilu da ke dafa kayan lantarki. Ni wannan ya fi damuna da minti goman tashi.

Injiniya Na Argungu: Ban musa ko kalma guda ba, Hajiya. Amma ki duba, in ya koma ext4 ko XFS, waɗanda duniya ta daɗe tana ɗora baƙin kwamfutoci bisansu, su ma ba su tantance kayan cikin fayil, littafinsu kaɗai suke tsarewa. Red Hat tun fitowa ta 7 a 2014 XFS ta ɗauka, kuma manyan ma'aikatu na aiki da ita. Ke nan +C bai kai shi ƙasa da inda mafi yawan jama'a suke ba. NTFS ɗin ciki kuma shina da littafinshi na farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta.

'Yar Zuru: Gaskiya ne. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya zauna yana jin yana da kariyar btrfs alhali ya cire ta da hannunsa. In zai sa, ya sa da saninsa, ya kuma biya bashin ta wani wuri.

Malamin Yauri: Ni kuwa ina ganin duk biyun kuna gyaran ɗaki ne a gidan da bai kamata a gina ba. Me ya kawo tsarin fayil tsakanin baƙuwa da faifai? A wurina Proxmox nake amfani da shi, tsarin da aka yi don ɗaukar baƙin kwamfutoci, kowace baƙuwa ina yanka mata rabonta na faifai da LVM kai tsaye. Ba qcow2, ba btrfs, hawa biyu sun fita. In ka yanka mai cikakken girma, fili ne a jere ba mai taɓa shi. In ka yi siririn rabo kana samun hoto, amma shi ma yana warwatsewa daidai gwargwado, kuma ranar da tafkin filin da suke tarayya a kai ya cika ba ka lura ba duk baƙin sai su tsaya cak.

Mai Gyara Jega: ZFS fa? Na ji ana yabonsa.

Malamin Yauri: Yana da kyau ƙwarai, amma ɗan gidan su btrfs ne a wannan ɗabi'ar, shi ma ba ya rubutu a tsohon gurbi, kuma ba shi da abin kashe ta. In ya tarwatse, hanyar da aka saba ita ce ka tura kayan wani wuri ka dawo da su. Abin da ke cetonsa shi ne yana tara rubutu ya zuba a dunƙule, yana kuma riƙe abu mai yawa a ram. Mai ram kaɗan da faifai guda mai juyawa, ban ba shi shawara ba.

Ɗan Gesse: Manya na gode, amma kaina ya fara ɗaukar zafi. Mako uku gare ni, ba ni da kuɗin sabuwar na'ura, kuma ba zan iya rushe komai in koyi Proxmox yanzu ba. Me zan yi daren yau?

Injiniya Na Argungu: To saurara. Nawa ya rage fili ga faifan?

Ɗan Gesse: Kamar giga 300.

Injiniya Na Argungu: Kwashe bidiyoyin da ba ka buƙata da tsoffin hotunan dare tukuna, don faifan da ya kusa cika filin da ya rage mashi ma gutsattsari ne, ko ka haifi sabon fayil cikin ramuka za shi zauna. In ka samu sarari, kashe baƙuwar gaba ɗaya, ba barci ba. Kwafe tsohon fayil ɗin waje, komi daɗewar da za shi yi, kar ka taɓa komi sai ya ƙare. Sannan ka yi sabon ƙaramin kundi da btrfs subvolume create, ka sa mashi chattr +C tun shina wofi, ka tabbatar da lsattr -d ka ga harafin C. Sannan qemu-img convert, ka ba shi -O raw, wato faifai zalla, da -o preallocation=falloc don shi kama filin gaba ɗaya, ka nufe shi cikin sabon kundin. Daga nan virsh edit, ka canza hanyar fayil, ka kuma canza nau'in daga qcow2 zuwa raw. Wanga na ƙarshe shi mutane ke mantawa, sai baƙuwa ta ƙi tashi su ɗauka sun yi hasara. Kar ka goge tsohon sai sabon ya yi mako shina aiki.

Ɗalibin Aliero: Me ya sa sabon kundi, Malam, ba folda kawai ba?

'Yar Zuru: Saboda hoton dare. In ka ɗauki hoton fayil mai +C, rubutu na farko da zai faɗa kowane wuri bayan hoton dole a kai shi sabon gurbi, in ba haka ba hoton ya lalace. Mai ɗauka kowane dare ya dawo da ciwon ta taga ke nan. Amma hoton btrfs ba ya shiga kundin da ke cikin wani kundi, yana tsallake shi. Sai sauran fayilolinsa su ci gaba da samun hotonsu, baƙin kuma a bar su.

Ɗan Gesse: Ke nan na rasa hoton baƙin gaba ɗaya? Kuma raw ɗin zai cinye giga 60 ɗin da na ba ta tun farko, ko?

Injiniya Na Argungu: Zai cinye, wanga shi ne kuɗin katanga. In kana son hoto irin na qcow2 ɗin kanshi, bar shi qcow2 amma ka ba shi preallocation=falloc cikin kundin nan, shi ma ya yi. Ni dai ga faifai mai juyawa raw nike so, ba littafin tsakiya.

'Yar Zuru: Ga bashin da na ce. Kullum in an tashi, ka fitar da rajistar da lissafin daga cikin Windows ɗin zuwa wata folda ta btrfs ta yau da kullum mai lambar tantancewa, ƙanana ne, ba za su ɗau minti ba. Ranar Juma'a ka kashe baƙin ka kwafe fayilolinsu zuwa faifan waje, ka buga sha256sum ka ajiye sakamakon tare da su, faifan kuma ya kwana a gida ba a cibiya ba. Sannan duba saitin faifan a virt-manager. In ka ga cache a kan unsafe, cire shi yanzu, wannan yana watsi da umarnin baƙuwa na a tabbatar an rubuta, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa. Bar shi a none.

Mai Gyara Jega: Kuma Oga ka duba batirin inbata. Rabin faifan da ake kawo min wutar da ke yankewa tana dawowa ce ta kashe su. In ka samu hali daga baya, ko ƙaramin SSD na giga 256 ka saya daga hannun wanda ka yarda da shi, ka ɗora baƙin biyu a kai, babban ya zama na ajiya.

Malamin Yauri: In ya yi haka ya kunna discard a kan unmap, don in baƙuwa ta goge abu labari ya kai ga SSD ɗin. Kuma a nan kar ya riƙa tattarawa, rubutu ne na banza da ke rage masa kwana.

Ɗan Gesse: Na rubuta duka a takarda. Bayan isha'i zan fara in sha Allahu.

Ɗan Gesse: Assalamu alaikum. Afuwan kwana biyu shiru. Kwafewar farko da juyawar sun kai ni har wajen ƙarfe ɗaya na dare, tunda dole a bi gutsattsarin nan sau biyu. Na kuma manta canza nau'in zuwa raw duk da gargaɗin Injiniya, ta ce ba ta ga faifan tashi ba, sai da na koma takardata na gani. Yanzu filefrag na nuna ɗari huɗu da wani abu. Windows na tashi kafin in gama buɗe tagogi, ƙarar ta ragu sosai. Ta Ubuntu ɗin ban taɓa ta ba tukuna, nata dubu 30 ne, zan yi mata ranar Asabar. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa iyaye lafiya.

Injiniya Na Argungu: Amin, madalla. Sake buga filefrag bayan wata guda ka turo muna. In adadin ya tsaya, katanga ta riƙe. In ya hau, akwai abin da ke ɗaukar hoton kundin ba ka sani ba.

'Yar Zuru: Barka. Kwafin da ka kai faifan waje, ka gwada tayar da baƙuwa daga gare shi?

Ɗan Gesse: Ban gwada ba Hajiya.

'Yar Zuru: Gwada kafin yaran su zo. Cire mata katin sadarwa don kar ta yi karo da ta gaske, ka tashe ta, ka buɗe rajistar ka ga sunan ɗalibin ƙarshe da ka shigar.

Ɗan Gesse: Juma'a bayan an sauko zan yi, cibiya a rufe take.

Ɗalibin Aliero: Malamai, ni VirtualBox nake da shi a kan Windows a laftof ɗina, faifai mai juyi 5400, kuma na zaɓa wa baƙuwata faifai mai ƙaruwa da kansa. Abin nan ya shafe ni?

Injiniya Na Argungu: Ya shafe ka, amma da sauƙi. NTFS nan gurbi yake gyara, sai dai VDI, fayil ɗin faifan VirtualBox, mai ƙaruwa mega ɗaya ɗaya yake tsiro, kowane tsiro inda anka samu fili. Kai tattarawa za ta yi maka aiki, amma daga waje, ga Windows ɗin mai masauki, baƙuwa tana kashe. Nawa ya rage maka fili?

Ɗalibin Aliero: Giga 18 cikin 500.

Injiniya Na Argungu: Fara da rage kaya tukuna, ka kai filin da ya rage ko zuwa giga 100, sannan ka dawo mu yi maganar mai da shi mai tsayayyen girma.